Maraya a Cikin Dangi ko a Gidan Marayu? Tambayoyi da Amsoshi

Tun da ta'asar 'yan bindiga ta yi ƙamari a yankunan Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, maganar marayu ta wuce wa'azin watan azumi. Unguwanni da dama a cikin birnin Katsina sun karɓi waɗanda suka gudo daga ƙauyuka, yawancinsu mata da ƙananan yara. Masu hali da ƙungiyoyi na son taimakawa, abin da ke fara zuwa musu a rai kuwa shi ne a sayi fili a gina gidan marayu. Ga tambayoyin da sukan yi idan aka ce su ɗan dakata tukuna.

Me ake nufi da renon maraya a cikin iyali? Wani sabon tsari ne daga Turai?

Riƙo ne, wanda kowa ya tashi ya gani a gidansu. Ɗan fari da ake bar wa kaka saboda kunya, yarinyar da aka kai yaye gidan goggo ta zauna ke nan har aurenta, matar da Allah bai ba haihuwa ba ɗan'uwanta ya ɗauki ɗiya sukutum ya ba ta. Da wuya ka sami zuri'a a Katsina ko Daura da ba a taɓa riƙon ɗan wani a cikinta ba.

Tsarin yana da matakai. Da farko a yi iya ƙoƙari yaro ya zauna hannun mahaifiyarsa, ko mahaifinsa in shi ya rage. In hakan ta faskara, sai dangi na kusa. In babu su, ko akwai amma ba su cancanta ba, sai wani gida na mutanen kirki da hukuma ta bincika ta yarda da su. Gidan marayu shi ne na ƙarshe, shi ma zaman wucin gadi kafin a samo gida. Abu biyu aka ƙara a kan riƙonmu na gado: a tallafa wa gidan da ya ɗauki yaron, sannan a riƙa leƙawa ana ganin halin da yake ciki.

Gidan marayu akwai abinci sau uku, ga katifa, ga makaranta. Mene ne aibunsa?

Abinci da katifa ba abin rainawa ba ne, wanda ya taɓa kwana da yunwa ya sani. Amma ƙaramin yaro yana da wata buƙata da kuɗi ba sa sayowa: mutum ɗaya tsayayye wanda yake nasa, in ya yi kuka shi zai zo, gobe ma shi, baɗi ma shi. A hannun wannan mutumin jariri ke koyon magana, da yarda da mutane, da kwantar da hankalinsa in ya firgita. A gidan marayu kuwa masu reno ma'aikata ne. Ta safe ta tashi, ta dare ta karɓa, wata a sauya mata wurin aiki, wata ta yi aure ta bar garin. Ko kowaccensu ta kai ina a tausayi, mace ɗaya ba ta goyon jarirai goma.

A Romaniya aka ga ƙarshen abin. Gwamnatin Nikolai Chawshesku ta matsa wa jama'a su yi ta haihuwa alhali talauci ya yi musu katutu, iyaye suka riƙa miƙa wa hukuma 'ya'yansu. Da mulkinsa ya faɗi a Disambar 1989, sai duniya ta ga yara sama da 100,000 a gidajen renon gwamnati. Waɗanda suka shiga sun ba da labarin ɗakuna cike da jarirai amma tsit, domin yaran sun gane kuka ba ya kawo kowa. A shekarar 2000 wasu masana daga jami'o'in Amurka suka fara bincike a Bukarest, babban birnin ƙasar, a kan yara 136 da ke irin waɗannan gidaje. Aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, rabi suka ci gaba da zama inda suke, aka yi ta bibiyarsu shekara da shekaru. Waɗanda aka kai gidaje sun fi 'yan'uwansu kaifin fahimta, da magana, da shaƙuwa da mai renonsu. Waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu su suka fi cin moriya.

Ba sai an je Romaniya ba ma. Ka lura idan ka kai ziyara: yaron da bai taɓa ganinka ba ya rugo ya maƙale maka a ƙafa, ya kira ka Baba, ya ƙi sakin rigarka, in wani baƙon ya shigo ya sake ka ya koma kansa. Mutane kan ce kai, yaran nan akwai fara'a. Ɗan shekara biyu da ya tashi a gida in ya ga baƙo bayan zanen uwarsa yake ɓuya. Wannan ƙiwar da muke yi wa yara faɗa a kanta alama ce ta cewa yaro ya san nasa.

Amma ai namu gidajen ba su lalace kamar na Romaniya ba.

Gaskiya ne, kuma akwai masu kula da gidajen marayu da suka ba da rayuwarsu ga aikin, Allah ya saka musu. Akwai ma binciken da masana daga Jami'ar Duke suka fitar a 2009, a kan yara 'yan shekara 6 zuwa 12 a Kambodiya, Habasha, Indiya, Kenya da Tanzaniya, wanda ya nuna yaran gidajen marayu ba su gaza takwarorinsu marayun da ke cikin gari ba a lafiya da karatu. Sai dai a lura da abu biyu. Binciken bai shafi jarirai ba, kuma yawancin iyalan da aka gwada da su talakawa ne da ba wanda ke tallafa musu. A ganina darasin da ke ciki shi ne, miƙa yaro ga dangi a juya baya bai wadatar ba.

Sannan akwai ranar da yaro zai girma ya fita. A ƙasar Hausa wanda zai nemi aure sai an tambayi asalinsa, sai baffanni sun je neman masa. Yarinya na buƙatar waliyyi, da masu yi mata kayan ɗaki, da gidan da za ta je wankan jego, da inda za ta nufa in zama ya yi tsami. Takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ma sai mai unguwa ko dagaci ya san gidanku. Gidan marayu mafi kyau yana iya ba yaro digiri, amma ba ya iya ba shi kawu.

Yaran da ke can ai ba su da kowa ne, shi ya sa aka kai su.

Kaɗan ne ba su da kowa. Wani ƙiyasi da mujallar Lancet ta lafiyar yara da matasa ta buga a 2020 ya ce yara wajen miliyan 5.4 ne ke zaune a irin waɗannan gidaje a duniya. Ƙungiyar Save the Children kuma ta ruwaito a 2009 cewa aƙalla huɗu cikin kowane biyar suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ke kai su, ko neman makaranta kyauta, ko naƙasa, ko mutuwar aure.

A wurinmu ma maraya a shari'a shi ne wanda mahaifinsa ya rasu kafin ya balaga, saboda haka yawancin marayunmu uwarsu na nan da ranta. Matar da aka kashe mata miji a gona, ta gudo cikin gari da yara biyar tana kwana a kangon wani, ba rashin son 'ya'yanta ke damunta ba. Ɗaki take nema, da tiyar gero, da abin sana'a. In ka gina gida mai kyau ka ce ta kawo yaran, za ta kawo, don tana son su ci su ƙoshi. Ka ga ke nan ginin ya raba yaro da uwarsa bayan 'yan bindiga sun raba shi da ubansa.

Me addini ya ce? Ba gina gidan marayu ne hanyar samun ladan kula da maraya ba?

Hadisin da kowa ya haddace, wanda Bukhari ya ruwaito, cewa ya yi Annabi (SAW) da mai ɗaukar nauyin maraya kamar haka suke a Aljanna, ya nuna manuniya da ta tsakiya. Ɗaukar nauyi aka ambata: ci da sha, sutura, tarbiyya, tsayawa a kan al'amarinsa. A Suratul Baƙara aya ta 220, da aka tambaya game da marayu, amsar ita ce kyautata musu shi ne mafi alheri, in kuma kuka cuɗanya da su to 'yan'uwanku ne.

Shi kansa Manzon Allah (SAW) maraya ya tashi. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu tun yana ciki, mahaifiyarsa Amina ta rasu yana ɗan shekara shida, kakansa Abdulmuɗɗalibi ya ɗauke shi har ya kai takwas, daga nan baffansa Abu Ɗalibi ya haɗa shi da 'ya'yansa. Uwa, kaka, baffa. Matakan nan da aka lissafa a sama ke nan.

Ba wanda ya ce wanda ya gina gidan marayu da kyakkyawar niyya ba shi da lada. Tambayar ita ce wanne ya fi amfanar yaron.

In uwa ta rasu ko ta yi wani aure, wa ya fi cancanta ya riƙe yaro?

Mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke bi ta yi bayani filla-filla. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, reno na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasu ko ta yi aure, sai kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. In babu kowa a dangin uwa, sai 'yan'uwan yaron mata da goggonninsa, sannan dangin uba maza. Da yawa sun ɗauka da an gama sadakar arba'in yara sun zama na dangin uba, a raba su kamar kayan gado. Ba haka shari'a ta tsara ba.

Reno daban, kula da dukiya daban. Yaro na iya zama wurin kakarsa, wasiyyin da uba ya bari ko wanda alƙali ya naɗa yana kula da gonarsa. In rigima ta taso a je gaban alƙali, kada a mai da yaro abin ja-in-ja tsakanin gida biyu. Kuma in da hali kada a raba wa da ƙane. Yaran da suka rasa uba a wata guda, a ce kuma ɗaya Funtuwa, ɗaya Daura, ɗaya Kano, an ƙara musu wani maraicin.

Na gama takaba, ina da manemi, amma ya ce ba zai riƙe agola ba.

Hajiya, gara da ya faɗa tun yanzu. Ki zauna da mahaifiyarki da baffannin yaran kafin a sa rana, a yanke wurin wanda za su zauna, da wanda zai ɗauki ci da makaranta, da yadda za ki riƙa ganinsu. Wurin kakarsu a unguwar da kike iya zuwa da ƙafa ya fi wani gari nesa. Ga mazan kuma: Annabi (SAW) ya auri Ummu Salama da marayunta, suka tashi a ɗakinsa. Gorin agola al'ada ce kawai, ba ta da gindi a addini.

Mun sha ganin 'yar riƙo ta zama baiwa. Ba gara gidan marayun ba?

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi, kuma duk mai kare riƙo da ya kauce mata bai yi adalci ba. Kowa ya san gidan da 'yar riƙo ce ke fara tashi ta hura wuta, ita ce wanke-wanke, ita ce ɗebo ruwa, 'ya'yan gida su saka kayan makaranta ita a ɗora mata farantin talla. In an raba abinci ita ce mai ƙanzo. In kuɗi ya ɓace ita ake fara tuhuma. Akwai wadda ake turawa aikatau birni ana karɓe kuɗin a ƙarshen wata, akwai wadda wani namiji a gidan ke lalata da ita a rufe maganar don kada zumunci ya ɓaci. Wannan riƙon sakainar kashi yana nan, ba ƙage ba ne.

Sai dai zalunci a bayan katanga mai maigadi ya fi wuyar ganowa, domin a cikin unguwa aƙalla maƙwabta na jin kuka. Maganin mugun riƙo shi ne sa ido, da sauya wa yaro gida in ta kama. Kafin a ba da yaro a tambayi matar gidan ita kanta, ba mijin kaɗai ba, domin ita za ta yi wahalar. Riƙon da aka ɗora wa mace dole don mijinta ya ji kunyar dangi, a kan yaron take hucewa. A tambayi yaron ma in ya yi wayo, ya san goggon da yake so da wadda yake tsoro.

Bayan an kai shi, wani tsayayye daga dangi ko kwamitin unguwa ya riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba. Abin dubawa ba boyayye ba ne. Yana zuwa makarantar da 'ya'yan gida ke zuwa? Ina yake kwana? An yi masa ɗinkin Sallah tare da su? In ba shi da lafiya ana kai shi asibiti? A keɓe da shi a yi hira, ba a gaban uwar riƙo ba. Malamin Islamiyyarsa da maƙwabciya sukan san abin da ba za a faɗa maka a zaure ba.

In na ɗauki yaron da ba danginmu ba, ya zancen muharramaka in ya girma?

In jariri ne, shayarwa na warware matsalar. A Malikiyya nonon da ya isa cikin yaro a cikin shekara biyun farko yana haramta aure ko da tsotsa ɗaya ce. Matar da ta shayar ta zama uwarsa, mijinta uba, 'ya'yansu 'yan'uwansa. In matar gida ba ta shayarwa, 'yar'uwarta na iya shayar da namiji, ta haka matar gidan ta zama innarsa. A fara zuwa asibiti a yi wa mai shayarwa da jaririn gwajin cututtukan da ake ɗauka ta nono, kuma a rubuta wadda ta shayar a sanar da dangi, don kada a zo ɗaurin aure bayan shekara ashirin a shiga ruɗani. In yaron ya wuce shekarun shayarwa, sai a kiyaye sutura da raba makwanci in ya balaga, kamar yadda ake yi da ɗan baffa ko ɗan kawu da ya tashi a gida.

Zan iya sa masa sunana? Zai gaje ni?

A'a, duka biyun. Suratul Ahzabi aya ta 5 ta ce a kira su da sunan ubanninsu, in ba a san ubannin ba to 'yan'uwanku ne a addini. Zaidu bin Harisa da ake kira Zaidu ɗan Muhammadu, bayan saukar ayar aka mai da shi ga sunan mahaifinsa. Ɓoye wa yaro asalinsa ma ba dabara ba ce, don wata rana a bakin 'yan gori zai ji. Gara ya ji daga bakinka, a hankali, daidai da wayonsa.

Gado kuwa ba ya ci, amma kana da ikon yi masa wasiyya har sulusin dukiyarka, ko ka yi masa kyauta kana raye ya karɓa a gaban shaidu. Kakanni su kula da wannan sosai. Jikan da mahaifinsa ya riga kakan rasuwa ba ya gado in akwai baffanninsa maza a raye. Masar ta yi doka a 1946 da ta wajabta wa irin waɗannan jikoki wasiyya. A nan kuwa in tsoho bai rubuta ba, bai kuma bayar ba, marayun da suka tashi a tsakar gidansa suna iya tashi a tutar babu.

An tsinci jariri a unguwarmu. Me ya kamata mu yi?

A lulluɓe shi a kai asibiti nan take, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda, su kuma su haɗa da ofishin jin daɗin jama'a. Kada a ɗauki hotonsa a watsa a Facebook da WhatsApp, hoton zai bi shi har girmansa. Kada kuma wani ya ɗauke shi a ɓoye ya ce Allah ne ya ba shi. Ba duk yaron da aka tsinta ne aka yar ba, wani ɓata ya yi, wani sato shi aka yi. A Oktoban 2019 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga Kano aka sayar a jihar Anambara, an sauya musu suna. Takardar hukuma ita ce ke raba mai riƙo na gaskiya da mai sayen yara, kuma ita za ta kare ka gobe.

A fiƙihu ɗaukar ɗan tsintuwa farilla ce a kan al'umma, in wani ya yi ta faɗi a kan saura. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo cewa wani mutum ya tsinci jariri a zamanin Sayyidina Umar, Umar ya ce masa ya tafi da shi, yaron ɗa ne ba bawa ba, ciyar da shi kuma yana kan baitulmali. Wato yaro a gidan mutum, kuɗi daga hukuma. Jifan irin wannan yaro da mummunar kalma kuwa zalunci ne, bai aikata komai ba.

Dokar ƙasa fa?

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta ambaci kafala, wato ɗaukar nauyin yaro a shari'ar Musulunci, da sunanta a sashe na 20, cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyali. Ƙa'idojin da Majalisar ta fitar a 2009 sun ce talauci kaɗai ba hujja ba ce ta raba yaro da iyayensa, kuma 'yan ƙasa da shekara uku a cikin iyali ya kamata a rene su. Najeriya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, Katsina kuma ta yi tata dokar kare yara a 2020, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Mai son riƙon yaron da ba danginsa ba ya fara da Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha ko sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarsa. Ko riƙon dangi ne, a yi wa yaro takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da sunan mahaifinsa.

Alhaji ne ni, na ware kuɗi don gidan marayu sadaka ga mahaifana. Yanzu me zan yi da su?

Allah ya karɓa, Alhaji. Ka lissafa abin da gini zai ci: fili, bulo, rijiyar burtsatse, janareta, albashin masu reno da mai dafa abinci da maigadi, wata bayan wata har bayan ranka. Kaso mai yawa na kuɗin ba ya isa bakin yaro. A cikin gida kuwa ɗaki yana nan, mai reno tana nan ba ta karɓar albashi, abin da ya rage cikon ne.

In ginin ne ke ranka, gina shaguna ko gidan haya ka yi waƙafi da su, kuɗin hayar ya riƙa tafiya gidajen marayu na cikin unguwa. Sadaka mai gudana ke nan, kuma jihar na da hukumar zakka da waƙafi da za a iya neman shawararta wajen rubuta shi yadda magada ba za su taɓa ba. Ko ka gina ƙananan ɗakuna ka zaunar da matan da suka gudo da 'ya'yansu. Ko ka ɗauki kuɗin makaranta da na asibiti. Jari ma na aiki in an tambayi mace abin da ta iya: wata awara, wata ƙuli-ƙuli, wata keken ɗinki, wata injin markaɗe, wata 'yan awaki. Raba wa mata hamsin keken ɗinki a taron da aka gayyato 'yan jarida, alhali goma ne suka iya ɗinki, kasuwa kawai za a kai sauran.

Ka fara da naka. Hadisi ya ce sadaka ga ɗan'uwa lada biyu ce, ta sadaka da ta zumunci. Marayu ba sa cikin kaso takwas na zakka da Suratut Tauba ta lissafa da sunansu, amma maraya matalauci ya shiga cikin faƙirai.

In na ba uwar riƙo kuɗi, ai da 'ya'yanta za ta ci.

Za ta ci da su, kuma haka ya dace. Tukunya ɗaya ake ɗorawa. In ka ce madarar nan ta maraya ce shi kaɗai, sabon takalmi shi kaɗai, ka haɗa shi gaba da yaran gidan, ranar da ka daina zuwa shi zai biya. Ka tallafa wa gidan gaba ɗaya, kuɗin makaranta ka biya kai tsaye ka karɓi rasit, sannan ka duba jikin yaron da karatunsa. Su za su gaya maka inda kuɗin ke tafiya.

To mu daina kai ziyara da kayan Sallah gidan marayu ke nan?

Yaran da ke ciki yau suna buƙatar abinci yau, kada a yanke. Amma a rage jera su ana ɗaukar hoto da buhunan shinkafa. Ka tambayi masu gidan ko suna neman dangin yaran, da nawa suka mayar gida bara, ka sa kuɗinka a wannan aikin. A wasu ƙasashe, inda baƙi ke tururuwar ziyara da kyauta, an sami masu buɗe gidajen marayu suna yaudarar iyaye a ƙauye su cika su da yara don kuɗin ya ci gaba da shigowa. Abin ya kai Ostareliya ta sanya shi cikin nau'o'in bautar zamani a 2018.

Kuna so a rufe gidajen da ake da su?

Ba dare ɗaya ba. Kwashe yara a zuba wa dangin da ba a shirya ba wata cutar ce. Ruwanda ta ƙirga a 2012 ta sami yara 3,323 a gidaje 33, ta shiga mayar da su cikin iyalai ɗaya bayan ɗaya, ana neman dangi, ana shirya su, ana bibiya. Ta kuma sa 'yan sa-kai biyu a kowane ƙauye, mace da namiji, masu zagaya gidaje. Mu da muke da masu unguwanni, dagatai, hakimai, limamai da ƙungiyoyin mata a kowane lungu na masarautun Katsina da Daura, ba sai mun ƙirƙiro wannan daga tushe ba. Ginin kuma ba zai tashi a banza ba, yana iya zama makaranta, ko wurin renon yini don uwa ta samu ta yi sana'a, ko masaukin gaggawa na 'yan kwanaki.

Yaro mai naƙasa ko wanda ya kangare fa? Gida ba zai iya da shi ba.

Mai naƙasa ya fi kowa buƙatar wanda ya san shi, kuma shi ne ba ya iya kai ƙara in an cuce shi. Uwarsa keken guragu take buƙata, da magani, da wanda zai karɓe ta na 'yan sa'o'i ta huta. Na kangararru kuwa, mutanen Daura ba su manta da Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a garin aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Ba gidan marayu ba ne, iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu don a gyara musu. Ya dai nuna abin da ke iya faruwa a duk inda aka tara yara aka rufe ƙofa ba mai leƙawa. Shaye-shaye da taɓin hankali aikin likita ne.

Ina riƙe da gonar marayun ɗan'uwana da 'yan kuɗinsu. Zan iya taɓawa? Yaushe zan miƙa musu?

Za ka iya ciyar da su daga ciki gwargwadon buƙata. Kai kuma Suratun Nisa'i aya ta 6 ta ce mawadaci ya kame, mabuƙaci ya ci daidai misali. Aya ta 10 ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke zubawa a cikinsu. Kada ka bar kuɗin a kwance, an ruwaito daga Sayyidina Umar cewa a juya dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta, balle yanzu da darajar naira ke zaizayewa. A sa a abin da ba shi da kasada sosai, kamar kiwo ko hatsi ko fili, kuma kada a cakuɗa da jarinka. Gona in ka noma ko ka ba da haya, ka rubuta abin da ta bayar kowace kaka da abin da aka kashe.

Miƙawa kuma ba a balaga kaɗai take ba, ayar ta ce sai an ga hankalin riƙon dukiya. Ka riƙa gwada shi da kaɗan, ka ba shi tunkiya ɗaya ko kuɗin wani ƙaramin ciniki ka ga yadda zai yi. Mace ma haka, kasonta nata ne, ba a narkar da shi a kayan ɗaki ba tare da saninta ba. Ranar miƙawa ka kira shaidu kamar yadda ayar ta umarta, a fito da takardar rabon gado da littafin lissafinka, a zagaya iyakar gonar da su, kowa ya sa hannu.